Muryar Mama a Falo Marar Labule

Da baya ta shigo shagon, tana jan wata tsohuwar sifika mai jikin katako, gefen gyalenta ya maƙale a hannun ƙofa. Mai shagon na sunkuye a kan wata rediyo da ya buɗe wa ciki, hayaƙin dalma na tashi ta gefen hancinsa. Kunne ake kiransa a duk layin, saboda ba ya kwance na'ura sai ya fara saurarenta, ido rufe, kai a karkace.

"Sannu da aiki," ta ce tana haki. "Don Allah ka kama min, ta fi ƙarfina."

Ya ɗago da niyyar kallon sifikar, amma idonsa ya yi gaban kansa. Sai da ƙarfen dalma ya ɗana masa zafi a yatsa sannan ya tuna inda yake. Ya miƙe da sauri ya karɓi kayan ya ɗora a tebur, ya zare mata gyalen daga ƙofa ba tare da ya yarda sun haɗa ido ba.

"Me ke damunta?"

"Murya take ɓatawa. Kiɗa yana fita lafiya lau, amma da an sa magana sai ta yi kaushi, tana sukar kunne kamar ana kankare tukunya da cokali."

"Wace irin magana? Labarai? Karatu?"

Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan memori da aka naɗe a hankici, naɗi a kan naɗi.

"Muryar mahaifiyata ce. Bara ta rasu."

"Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta."

"Amin."

Auta ce a gidansu, kuma sunan ya bi ta har makarantar da take koyar da ƙananan yara. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne. Shekarun da yake kan hanya, matarsa kan aika masa saƙon murya ta waya: yau an kawo wuta, yau famfo ya lalace, ka sha maganinka, kada ka yi gudu. Bai taɓa goge ko ɗaya ba. Wayar ta mutu daga baya, memorin nan kaɗai ya rage. Kullum da hantsi yakan zauna a falo ya kunna. To amma tun da ta rasu muryar ta canza masa, har ya fara cewa kamar faɗa take yi masa.

Kunne ya haɗa wayoyi ya kunna. Aka fara jin gyaran murya, sannan wata mata mai 'yar dishewa a maƙogwaro ta ce, "Maigida, ka isa lafiya?" Ya rufe ido. Can ya ɗora tafin hannunsa a kan 'yar ƙaramar sifikar da ke sama, tsinin ya ragu. Ya ɗauke, tsinin ya dawo.

"Kin ga wannan 'yar ƙaramar? Ita ke fitar da siririn sauti. Akwai wani ɗan abu a ciki, kafasita muke ce masa, shi ke auna mata abin da za ta iya ɗauka. Idan ya tsufa sai ya sakar mata kayan da ya fi ƙarfinta, ita kuma ta yi ta ihu."

"Kamar 'yan ajina ke nan," ta ce, ta ɗan murmusa.

Ya buɗe bayan sifikar, ya tarar da abin ya kumbura kuwa. Ya canza shi ya sake kunnawa. Shagon cike yake da kwalaye da soson sifiku da tsummokara, ba wurin sa ƙafa. A cikin wannan tarkacen muryar ta fito da laushi, kamar matar na zaune a bayan kwalayen tana magana.

Auta ta zauna a kan wani kwali ta rufe fuska da gyale. Kunne ya fita bakin ƙofa ya yi ta gyara allon shagonsa, allon da babu abin da ya same shi. Da ya dawo ya ce da ita a hankali:

"Ku riƙe shi da kyau. Ni mahaifina ina ƙarami ya rasu, ko tari ɗaya nasa ba ni da shi. Wani lokaci nakan rufe ido in nemi muryarsa, in rasa."

Ta dube shi sosai a karon farko. Ranar kowa ya koma gida da abin da bai fito nema ba.

Washegari saƙo ya shigo wayarsa:

"Salam. Auta ce, mai sifika. A shagonka ta yi daɗi, amma da muka kawo gida kaushin yana nan. Baba ya ce ko dai ba ka iya ba ne. Ni ban ce ba, shi ya ce."

Ya amsa:

"Wa alaikis salam. Ki gaya wa Baba mai gyara ya ji kunya. Da yamma in sha Allahu zan zo in ji da kunnena."

Falon babba ne, tsaf-tsaf, kuma fayau. Ƙasa tayil, bango babu ko kalanda, tagogi manya babu labule, sai ƙarafunan rataya a sama. Kujerun roba biyu, teburin gilashi ɗaya, sifikun biyu a kusurwa. Baba na zaune a ɗaya kujerar, dogo, siriri, da carbi a hannu.

Kunne ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya fara aiki. Ya duba wayoyi, lafiyarsu ƙalau. Ya musanya ta dama da ta hagu, bai canza ba. Ya rage tirebul, wato siririn sauti, muryar ta dushe amma tsinin bai tafi ba. Ya janyo sifikun daga kusurwa ya karkata fuskarsu, aka ɗan samu sauƙi kaɗan. Daga nan ya kashe komai, ya tsaya a tsakiyar falon ya tafa hannu sau ɗaya.

Ƙarar ta daki bango ta dawo, da wani siririn amo a bayanta.

"Baba, da can akwai kafet a nan?"

Carbin ya tsaya. Auta, da ke tsaye bakin ƙofar kicin, ta sunkuyar da kai.

"Mene ne haɗin kafet da sifika?"

"Murya idan ta fito tana son abin da zai tare ta, Baba. Labule, kafet, kujerun kushin, su ke shanye tsinin. A nan kuwa tayil ya jefa wa bango, bango ya jefa wa gilashi, kafin ta iso kunnenka ta yi kaifi. Sifikar ta warke. Ɗakin ne."

"Ɗakin ne," Baba ya maimaita. "Wato ni na ɓata ta."

"A'a Baba, ban ce..."

"Gyaran sifika na kira ka, yaro, ba gyaran gida ba. Auta, raka shi."

A bakin get ta gaya masa. Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Baba ya kira dangi ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so. Labulen da Mama ta ɗinka da hannunta, kafet ɗin da take zama tana tsefe wa jikoki kai, kujerun, hotunan bango, duk ya rabar a yini guda. Ya ce ba zai iya buɗe ido kullum ya gan su ba.

"Ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Amma ka taka inda yake masa ciwo."

"Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa ban ji haushinka ba."

Daga nan saƙo ya fara bin saƙo. Da farko a kan sifika ne, ko da yake duk wanda ya karanta ya san sifikar ta daɗe da fita daga zancen.

"Kunne, yau wata yarinya ta tambaye ni me ya sa nake murmushi ni kaɗai. Na ce mata ta yi rubutunta."

"Autata, ni kuma yau na mayar wa wani mutum rediyonsa ban sa mata batir ba. Ya dawo yana faɗa. Ke za ki biya shi."

"Wa ya ba ka izinin cewa Autata?"

"In janye?"

"Ban ce ba."

Yakan tsaya a ƙofar makaranta idan an tashi, ya riƙe mata jakar littattafai har tashar mota. Ita kuma takan biyo ta shago ta zauna a kan kwalin nan nata, tana kallon yadda yake karkata kai. Ta ce masa Kunnena, ya ce ai kunnen da ma nata ne, shi ajiya aka ba shi. Suka yi ta gina gida da baki, ɗaki biyu da falo, kuma falon dole a sa masa labule mai kauri.

Da ta kai wa Baba zancen, bai ko ɗago ba.

"Yaron da ya shigo gidana ya ce ni na ɓata muryar uwarki?"

"Baba, ba haka yake nufi ba."

"Ba yanzu ba, Auta."

Ta san ba Kunne kaɗai ba ne. Yayyenta duk sun yi aure sun yi nisa. In ta tafi, gidan zai rage daga Baba sai sifika, sifikar ma da yake jin tana yi masa faɗa. Wannan tunanin ya hana ta ko yin musu.

Ana cikin haka Goggo, ƙanwar Baba, ta ji ƙishin-ƙishin. Tana da ɗa mai shagon kayan lantarki, wanda dangi ke kira Sabon Kwali, don shi a duniyarsa babu abin da ake gyarawa, sai dai a jefar a sayo sabo. Ya daɗe yana son Auta, ita kuwa kallon ɗan'uwa kawai take masa. Ranar nan sai ga shi da wata ƙatuwar sifika mai fitilu ja da shuɗi, mutum biyu suka shigo da ita.

"Kawu, rabu da tsohon katakon nan. Wannan ko allura ta faɗi a cikin waƙa sai ka ji."

Aka kunna. Allurar kuwa aka ji. Muryar Mama ta fito da ƙarfi, kowane harafi da kaifinsa, fitilu na rawa a kan bango. Baba ya runtse ido ya ɗaga hannu.

"Kashe. Na gode, ɗana. Kashe."

Duk da haka sifikar ta zauna a falon, Goggo kuma ta zauna a kan maganarta: na gida ya fi, yaro mai abin hannunsa, ba mai warin dalma ba.

Kunne ya ji labari, hankalinsa ya tashi. Da ma ya taɓa ba Auta shawarar a kwafi saƙonnin a ajiye wani wuri, kada memorin ya lalace a rasa komai. Ta kawo masa da safe kafin makaranta, a hankicinsa, ta ce ya dawo da shi ranar da zai zo gaishe da Baba. Ya kwafa a kwamfutarsa. Da a nan ya tsaya da ya huta.

Amma so ba ya barin mutum ya tsaya inda ya kamata. Ya ce a ransa, tun da Baba ba zai taɓa ɗakin ba, bari a taɓa muryar. Ya zauna ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ya rage tsini. Ya cire hayaniyar baya, ƙarar tukwane da kukan kaji. Da ya ga aiki na kyau sai ya ƙara gaba: ya yanke gyaran muryar da take yi a farko, ya cire tarin da ke tsakiya, ya goge dishewar nan har muryar ta zama sumul kamar ta mai karanta labarai. Ya saurara ya ji daɗin aikinsa. Don ya ba su mamaki, ya cire na asalin daga memorin ya zuba waɗannan a madadinsu.

Ranar ya zo cikin fararen kaya. Goggo na nan, ta kafa kujera. Ya gaisa, ya nemi izini ya sa memorin a tsohuwar sifika.

"Maigida, ka isa lafiya?"

Babu kaushi ko kaɗan. Kunne ya saci kallon Auta yana jiran murmushi, sai ya ga ta dafe ƙirji.

"Wace ce wannan?" in ji Baba.

"Mama ce, Baba. Na gyara..."

"Sa na gaba."

Ya sa. Ya sa na gabansa. Duk haka suke.

"Ina gyaran muryar da take yi kafin ta kira ni? Ina tarin? Wannan matar ba ta taɓa tsayuwa a kicin ɗina ba." Ya juyo ya dubi Kunne. "Ina nata? Ka goge?"

"Na cire su daga kan memorin, Baba, amma..."

Baba ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Kujerar roba ta zame, ya tafi ƙasa. Auta ta ƙwalla ƙara. Goggo ta yi kan Kunne tana tura shi waje da hannu biyu.

"Fita! Ka kashe masa mata sau biyu, me kuma kake jira?"

Garin gyaran gira ya tsone ido. Yana tsaye a titi aka fito da Baba aka sa a mota, Auta ta wuce ta gabansa kamar ba ta taɓa saninsa ba.

Jinin Baba ne ya hau, aka kwantar da shi a asibiti. Kunne ya yi ta kira ba a ɗauka, daga baya ma kiran ya daina shiga. Ya rubuta:

"Autata, don girman Allah ki karanta. Ban goge ba. Na asalin duk suna kwamfutata, ko numfashi ɗaya bai ɓata ba. Na yi wauta, na yarda. Ki zage ni, amma ki gaya wa Baba."

Saƙon bai isa ba, ta riga ta toshe lambarsa. Ya zuba na asalin a sabon memori ya kai gidan. Goggo ce ta buɗe get. Ya yi mata bayani har da durƙusawa, ta karɓa ta ce za ta bayar. Ta jefa a jakarta ta ja zif, zancen ya mutu a nan.

Aka sallamo Baba ya dawo gida. Da hantsi yakan zauna a kujerarsa kamar da, amma ba ya kunna komai. Abinci sai an yi da gaske. Auta ta rame, ta daina murmushin da 'yan aji ke tambaya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da hannunta ta miƙa memorin. Kuma duk da haka, idan ta zo wucewa ta layin shagon, sai ta ji ƙafarta na rage sauri, ta tsani kanta a kan hakan.

Wata safiya tana makaranta, Baba ya sa hularsa ya ɗauki sanda ya fita. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon.

Kunne ya ɗago ya gan shi a bakin ƙofa, abin da ke hannunsa ya faɗi. Ya zube ƙasa.

"Tashi," in ji Baba. "Ban zo faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Roƙo na zo." Ya ciro hankicin memorin daga aljihu. "Kai ka cire tarin nan. In akwai yadda za ka mayar da shi, ko guda ɗaya ne, ka mayar min."

Sai a nan Kunne ya gane. Ashe saƙon bai isa ba. Ya share wa Baba wani kwali ya zaunar da shi, ya jona kwamfuta da wata sifika da ke kan tebur, ya danna.

Aka ji ƙarar murfin tukunya. Aka ji gyaran murya. Sannan, da dishewarta da komai: "Maigida, ka isa lafiya? Na ce ka isa lafiya? Kai dai ba ka amsa waya." Ta yi tari, ta yi dariya.

Sandar Baba ta faɗi. Ya kifa fuska a tafukansa ya yi kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗu. Kunne ma hawaye yake, yana faɗin, "Duk suna nan, Baba. Duk suna nan. Na kai sabon memori gida tuntuni, na ba Goggo. Ka yafe min."

Sun daɗe a haka, saƙo na bin saƙo. Can Baba ya share fuska ya ce:

"Ba ta yi min faɗa a nan."

Kunne bai sake ambaton ɗaki ba. Ya riga ya koyi darasi. Baba ya bi shagon da kallo, kwalaye har rufi, soso, tsummokara, tsohon bargo a rataye a ƙofar baya. Ya daɗe yana kallo.

"Na kwashe kayanta don kada in dinga tunawa," ya ce a hankali, "sannan na zauna a kango ina neman ta. Kai ka faɗa min gaskiya na kore ka. Da ka zo da ƙarya don ka faranta min, ita ce ta kusa kashe ni." Ya miƙa hannu a ba shi sandarsa. "Me ya kai ka?"

"Tsoro, Baba. Na ga an kawo sabuwa mai fitilu, ni ba ni da abin kawowa sai hannuna."

Baba ya girgiza kai. "Ka iya hawa kujera?"

Da yamma Auta ta dawo daga makaranta ta tsaya turus a ƙofar falo. Kunne na tsaye a kan kujerar roba yana zura labule a ƙarfe, Baba na riƙe masa kujerar da hannu biyu. Labulen Mama ne, mai ruwan ƙasa da ɗinkin hannu a gefe. Baba da kansa ya je gidan 'yar wansa ya roƙo, ita kuma ta cire daga tagarta tana kuka.

"Kin tsaya kallo," in ji Baba. "Miƙo masa ɗayan."

Ta miƙa, ba ta dube shi ba. Sai da Baba ya kunna sifika, gyaran muryar nan ya fito, sannan ta jingina da bango ta sulale ƙasa.

Ba duka kayan suka dawo ba. Kafet ɗin an kai shi wani gari, an yanka shi biyu. Hotuna wasu sun ɓata. Goggo ce ta ɗauki kujerun kushin tun farko, ta dawo da su a mota, ta ajiye sabon memorin a kan teburi ba tare da ta kalli kowa ba. Baba bai ce mata uffan ba, kuma hakan ya fi mata zafi a kan faɗa. Sabon Kwali ya zo ya ɗauki sifikarsa, ya miƙa wa Kunne hannu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Yaron da ma ba mugu ba ne.

Ranar saƙo ya shigo wayar Kunne:

"Na buɗe lambarka. Saƙonninka ban gan su ba, amma Baba ya faɗa min. Na yi maka mummunan zato, ka yafe min. Amma Kunnena, ko ni ka ji muryata ta yi kaushi wata rana, kada ka gyara. Ka tambaye ni me ya faru."

"Na yi alkawari, Autata. Ni ne mai neman yafiya."

Kafin watan ya ƙare Baba ya kira shi ya ce ya turo manyansa. Auta ta samu Baba shi kaɗai, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, in na tafi wa zai zauna da kai?"

"Wannan tambayar ce ta sa na ce miki ba yanzu ba," ya ce. "Na yi ta laɓewa a bayan laifin yaron nan. Tsoron shiru nake ji, Auta. Amma ba zan biya tsorona da rayuwarki ba. Uwarki ba za ta yafe min ba."

Aka ɗaura aure, gida ya cika da 'yan'uwa. Da yamma, da motoci suka jeru a ƙofa, Baba ya ce a ba shi falon. Ya kira su su biyu, suka durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana juya carbi.

"Na bi saƙonnin uwarki kaf," ya ce, "ina neman inda ta yi maganar aurenki in kunna miki yau. Babu. Ba ta san ba za ta gani ba." Ya ajiye carbin. "Abin da uwa ke faɗa wa 'yarta a irin wannan rana, ban san shi ba. Ni direba ne. Amma ba za ki fita gidan nan ba a faɗa miki ba."

Ya gyara zama. Muryarsa ta tsufa, tana karkarwa, tana sarƙewa.

"Ki ci abinci ko ranki a ɓace yake. Kada ki kwana da magana a ciki. In ya yi tafiya ki tambaye shi ko ya isa lafiya, ko bai amsa ba ki sake tambaya, yana ji. In kin yi rashin lafiya ki faɗa da wuri, kada ki ɓoye don kada a damu, kamar yadda..."

Auta ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗayan ya miƙa ya kamo na Kunne.

"Kai kuma, ga ta nan. Ita kaɗai ta rage min a gidan nan, na ba ka."

"Na karɓa da amana, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare. Wannan tawa ce." Ya ja numfashi. "Allah ya yi miki albarka, Auta. Wannan ta uwarki ce."

Daga bayan ƙofa, inda mata suka taru suna saurare, aka amsa da amin cikin kuka. Baba ya ɗago ta da kansa, ya riƙe hannunta har bakin mota.